Tsinke Ɗaya a Jikin Bango

Aikina yankan soso ne da roba. Idan na faɗi haka mutane kan ɗauka katifa muke yi, ni kuma ba na gyara musu, don bayanin yana da tsawo. Mu goma sha ɗaya ne a wata ƙaramar masana'anta a gabashin Osaka, abin da muke yi kuwa shi ne rigar inji. Injin wanki, injin sanyaya ɗaki, famfon tura ruwa, duk wani abu mai juyawa yana gunji, mu ke yanka masa abin da zai sa ya rufe baki. Akwai baƙar roba mai nauyi da ake sa wa inji a ƙafa. Akwai bargo na matsattsen zare, ruwan toka, da ake mannawa a cikin akwatinsa. Akwai kuma soso mai tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai. Ni ke kan injin yanka. In ɗora, in danna da hannu biyu, in kwashe, in sake ɗorawa, har a tashi.

Sunana Genta Shiomi. Daga wani tsibiri na zo, can yamma da Nagasaki, bayan rasuwar kakata wadda ta raine ni. Karatuna bai wuce ƙaramar sakandare ba. Abin da na sani game da ƙara, ba a littafi na gani ba, a bakin Harue-san na ji.

Harue-san ita ce mai duba kaya kafin su fita. Ta haura sittin, aljihun rigarta kullum cike da alewa, bakinta kuma ba ya hutawa. Muna da na'urar auna ƙara mai tsada, amma ita sai ta gama da kwabonta take ɗauko ta. Kwabon yen biyar ne mai huji a tsakiya. Takan tsayar da shi a kan gefensa bisa akwatin injin, sannan ta kunna. In ya tsaya, aiki ya yi. In ya faɗi, a sake.

A watana na farko aka ba ni wani famfo in haɗa. Na jera roba, na manna bargo, na ɗaure komai tsaf. Tana kunnawa kwabon ya kife.

Ta ce, "Ɗan tsibiri, zo ka ga ɗanka yana rawa."

Na ce, "Harue-san, duk abin da aka ce in sa na sa."

"Ka sa, har ka ƙara da abin da ba a ce ba." Ta kwance wani sukuru guda ta nuna mini. Ya fi sauran tsawo kaɗan, ya huda robar ya taɓa ƙarfen ƙasa. "Ƙara iri biyu ce, Gen-chan. Akwai mai bin iska, wannan soso ke shanye ta. Akwai mai bin jiki, daga ƙarfe zuwa katako, daga katako zuwa bango. Wannan ba a shanye ta, hanya ake yanke mata. Ko da robar zinariya ka yi aiki, in ka bar abu ɗaya mai tauri ya taɓa nan ya taɓa can, ka gina mata gada, ta haye abinta tana yi maka gwalo. Ungo alewa, kada ka yi kuka."

Tun daga ranar na san kalmar. Gada. A wajenmu ba abin kunyar da ya kai a ce wane ya bar gada.

Ɗakina yana saman wani tsohon gidan katako mai hawa biyu, ɗaki huɗu sama, huɗu ƙasa. Shekarata biyu a ciki ban taɓa yin baƙo ba. Kofina ɗaya, kwanona ɗaya. Ranar Lahadi nakan wanke kaya, in shanya, in zauna ina kallon su suna bushewa. Wani lokaci sai ranar Litinin da safe, in na gaida Harue-san, nake jin muryata ta dishe, don tun Asabar ban yi amfani da ita ba.

A ɗakin da ke jikin nawa akwai wani tsoho, Isogai-san. Gaisuwarmu ba ta wuce sunkuyar da kai a kan matakala. Bara da kaka aka kwantar da shi asibiti, da ya dawo kuma ya dawo da injin ba da iskar shaƙa, da siririn tiyo a hanci. A ranar bangon da ke tsakaninmu ya fara ƙugi.

Ba ƙara ce mai yawa ba. Gunji ne can ƙasa-ƙasa, sai kuma bayan ɗan lokaci ya yi wani huci, kamar saniya a kwance. Kwana biyun farko ya dame ni. Daga nan na saba, daga sabo kuma na fara so. Ya yi kama da injin jirgin ruwan da ke kai mu kasuwa ni da kakata, wanda in ka kwanta a bencinsa kake jin sa a haƙarƙari. In na dawo daga aiki na buɗe ƙofa, shi ke tarbata.

Kullum ƙarfe bakwai da rabi na safe sai ya ɗauke ɗif. Lokacin ne tsohon yake kashe injin, ya koma kan ƙaramar tukunyar iska mai taya, ya ja ta a hankali ya sauka sayen awara a shagon bakin kwana. Ni kuma da na ji shirun, na san lokacin ɗaura takalmi ya yi. Har na daina duba agogo.

Cikin damina aka manna takarda a gindin matakala. Ba suna a jiki, ba a ce wane ba. An dai ce ana roƙon mazauna gida su kula da ƙarar na'urori, don akwai masu hutawa da rana. Kowa ya san da wa ake, kowa kuma ya san wa ya kai ƙara wurin mai gidan. Nabeta-san ce, wadda ɗakinta ke ƙarƙashin na tsohon. Ba muguwar mata ba ce. A wurin dafa abincin sayarwa take aiki, da asuba take fita, barcinta na rana ne, ga fitilar silin ɗinta tana ta rawa a kanta.

Wata Lahadi da hantsi ina shanya a baranda, na ji magana a ɗakin tsohon, taga a buɗe. 'Yarsa ce Yoriko-san, ta zo daga Nagoya. Da ƙarfi take magana, don kunnensa ya yi nauyi.

"Baba, mai gidan ya kira ni sau biyu. Ya ce in ba a daina ƙorafi ba zuwa ƙarshen wata, ba zai sabunta maka zama ba."

"Wace ƙara? Ni ban ji komai ba."

"Ai kai ko jirgin ƙasa ya ratsa ta ɗakin nan ba za ka ji ba. Na samo maka wuri a gidan kula da tsofaffi, kusa da ni. Akwai lambu, akwai masu jinya."

"Akwai awarar bakin kwana?"

"Baba."

"Shekarata arba'in da ɗaya a ɗakin nan. A nan uwarki ta goye ki, a nan aka fitar da ita. Ni ma ta matakalar nan za a sauke ni, a kwance."

Na tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu har ruwanta ya gama ɗiga a ƙafata. Ba zan ce tausayinsa kaɗai na ji ba. Na tuna bangon nan yadda yake kafin ya fara ƙugi.

Washegari na roƙi Harue-san guntayen da ake zubarwa.

Ta ce, "Me za ka yi da su? Budurwa ka yi mai minshari?"

Na ba ta labari. Ta tambayi nauyin injin, na ce ban sani ba, amma zai kai buhun shinkafa matsakaici biyu. Ta tono mini roba mai laushi daidai da nauyin. Ta ce in ta yi tauri da yawa karkarwa za ta ratsa ta, in kuma ta yi laushi da yawa za ta lotse ta zama ba amfani.

"Kuma kada ka kuskura ka buɗe injin mutane, na asibiti ne. Kada ka toshe masa hanyar iska, ya yi zafi ka gasa tsoho."

Kwana biyar kayan suna jingine a ɗakina kafin na iya ƙwanƙwasa ƙofar. Taku huɗu ne daga tawa zuwa tasa, amma sun fi mini hanyar tashar jirgi nisa. Ranar Asabar da la'asar na daure. Ya daɗe kafin ya buɗe, tiyon yana binsa a baya kamar jela.

Na sunkuya na ce, "Isogai-san, ni ne na ɗakin gefe. Ku gafarce ni da damu."

"Kai ma ƙarar ka kawo?"

"A'a. Maganinta na kawo, in kun yarda."

Ya dubi soson da ke hammatata, ya dube ni, ya kauce. Ɗakin fes yake, hoton matarsa a kan ɗan akwatin tunawa da mamata, da ɗan kofin shayi a gabansa. Injin yana lungu, jikin bangonmu. Ya lulluɓe shi da barguna biyu da matashin zama, don ƙoƙarin kansa. Na taɓa jikinsa na ji zafi rau. Na kwashe bargunan.

Ya ce, "Da ƙyar na jera su, ɗan samari."

"Ba ta sama take fita ba, Isogai-san. Ta ƙafa take bi, ta shiga daɓen katako."

"Ka ce me?"

Na ɗaga murya na maimaita. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce shekara talatin da takwas ya yi a gidan narka ƙarfe, can ya baro kunnensa da huhunsa.

"Ni na ƙare rayuwata ina yin ƙara, kai kuma an haife ka don ka kashe ta. Da mun haɗu da wuri da ban kurmance ba."

Ya koma kan ƙaramar tukunya, na kashe injin. Na shimfiɗa tabarmar roba mai faɗi a duk lungun, na ɗora bargon zare, na ɗora katako mai kauri, sannan ƙafafun roba huɗu, sannan injin. Na janye shi daga bango tsawon tafin hannu biyu. Na kafa masa shinge ta gefe uku da soso mai tudu da kwari, na bar sama da baya a buɗe don ya sha iska. Bangon ma na manna masa bargo. Har tiyon da wayar wuta na duba, kada ɗaya ya ɗame ya zama gada. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba, ko a masana'anta.

Na ciro yen biyar na tsayar a kan tabarmar ɗakin kusa da katakon, na kunna. Kwabon bai ko motsa ba.

Tsohon ya ce, "Ya kunnu kuwa?"

"Yana aiki."

Ya shaƙa, ya gyaɗa kai. Ya ba ni shayi, muka sha ba wata hira. Da zan tafi ya sunkuya mini fiye da yadda ya kamata babba ya yi wa yaro, ni kuma na rasa inda zan sa kaina.

Kafin mako ya zagayo an cire takardar gindin matakala. Nabeta-san ta rataya mini ledar lemo a hannun ƙofa. Yoriko-san ta aiko da kati na godiya. Mai gida ya sabunta zama. Tsoho ya tsira da ɗakinsa.

Ni kuwa na koma ɗaki na tarar da shiru, kamar an yi ruwa an ɗauke. Nakan kara kunne a bango, ba komai. Na ɗora tafin hannu, sanyin katako kawai. Ranar Litinin na makara a karon farko, ina zaune da kwanon shinkafa ina jiran abin da zai ɗauke, alhali ba abin da ke yi balle ya ɗauke.

Harue-san ta ce, "Yau kuma jirgin tsibiri ne bai taso da wuri ba?"

Na sayi agogo mai ƙararrawa. Wani lokaci mukan haɗu da tsohon a matakala, wani lokaci a yi kwana uku ban gan shi ba. Gaisuwar ta ɗan ƙaru da kalma biyu, iyakarta ke nan. Ni ba mai iya shiga wurin mutane ba ne, shi ma haka. Wata uku suka wuce a haka.

Wata Alhamis cikin Oktoba na dawo da yamma na tarar da Nabeta-san tsaye a gindin matakala, hannu a naɗe cikin rigar girki.

Ta ce, "Shiomi-san, an tafi da tsoho asibiti."

Ta ce mai awara ne ya ga bai zo ba, ya ajiye masa rabonsa har azahar, sannan ya rufe shago ya zo ya buga ƙofa. Da aka kira mai gida aka buɗe, a ƙasa aka same shi. Tun yammacin Laraba tiyon ya harɗe masa ƙafa ya faɗi a lungun injin, ƙugunsa ya ƙi ɗaukar sa. Kusan awa ashirin yana kwance a wurin.

Na ce, "Bai yi kira ba?"

"Da wane numfashin? An ce ya yi ta buga ƙasa da hannu." Ta sunkuyar da kai. "Ina ɗaki, ban ji komai ba."

Ba ta ji ba don a kan tabarmar robata ya faɗi. Duk bugun da ya yi, robar ta haɗiye. Ya miƙa hannu ya doki bango, bargon da na manna ya shanye. Ni kuma a safiyar nan ina zaune a ɗaya gefen, tsakanina da kansa bai fi kamu uku ba, ina cin shinkafa da miyar miso ta waken suya. Da a da ne, bakwai da rabi na yi in ji injin bai ɗauke ba, da na san da magana. Sai a ranar na gane cewa ba gunjin ne ke gaya mini yana lafiya ba. Inji ai ko mai shi ya mutu zai ci gaba da gunji. Ɗaukewar ce. Hannunsa ne a kan makunni kowace safiya. Garin gyaran gira na tsone ido.

Bai karye ba, ya dai bugu, jikinsa kuma ya bushe da ƙishi. Aka riƙe shi kwana goma. Na ji daga Nabeta-san cewa Yoriko-san ta gama magana: ranar Lahadi za ta kawo shi ya zaɓi abin da zai ɗauka, su wuce Nagoya.

Ranar Juma'a lokacin cin abincin rana na zauna kusa da Harue-san.

Na ce, "In mutum yana so ya gina gada, da me ya fi kyau ya gina?"

Ta ajiye tsinkayen nan biyu da muke cin abinci da su maimakon cokali. "Shekara ashirin da shida ina rushe gadoji a gidan nan, yau ga wanda ya zo in koya masa gini. Zazzaɓi kake yi?"

Na gaya mata duka. Ba ta yi dariya ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ta ce, "Abu mai tauri, mara nauyi, siriri. Kada ya taɓa ƙasa, in ba haka ba matar ƙasa ta dawo da takardarta. Kada kuma ka dosa shi a ginshiƙi, ginshiƙi har ƙasa yake sauka. Nemi tsakiyar allon bango, inda in ka ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ganga." Ta ɗaga tsinke ɗaya ta juya shi a gaban idona. "Kana ta neman abu, ga shi kullum a bakinka."

Ranar Lahadi da hantsi na ji su a matakala, suna hawa a hankali. Na jira har aka fara jan akwatuna, sannan na ƙwanƙwasa. Yoriko-san ta buɗe, mace mai kimanin hamsin, idanunta duk gajiya. Tsohon yana zaune a kan kujera kusa da taga, ya rame, an mayar masa da tiyon babban inji. Bai dubi akwatunan ba.

Na durƙusa na sa goshi a tabarma. Na ce aikina ne ya hana a ji shi.

Ta ce, "Tashi, Shiomi-san. Alheri ka yi. Ba laifin kowa ba ne, shi ya sa ma zan tafi da shi. Ba zan iya zama a Nagoya ina tunanin ko yana kwance a ƙasa ba."

"In kun ba ni minti biyar, akwai abin da nake so ku gani."

Na ciro tsinken da na zo da shi, irin na katako da ake bayarwa a shago. Tsohon ya hango.

"Me za ka yi da wannan?"

Na yi masa bayani da ƙarfi. Ya karɓa ya lanƙwasa shi da yatsu, ya taɓe baki.

"Wannan ai ɓawo ne. Ba ka san kaya ba, ɗan samari. Yoriko, buɗe aljihun teburin can, akwai na gora guda ɗaya."

Ta ce, "Wanda ɗan'uwansa ya ɓata tun ina makaranta? Har yanzu ba ka yar ba?"

"Ga ranarsa ta zo."

Dogon tsinke ne na girki, gora ce tsohuwa, ta yi duhu da maiƙo. Na ƙwanƙwasa bango har na sami inda yake amsawa. Na yanke ɗan da'ira a jikin bargon da na manna, kamar faɗin kwabo, na huda soson shingen daidai wurin. Na zura tsinken, kai ɗaya ya dogara da jikin injin, ɗayan ya dosa a allon bango, na matso da injin kaɗan har ya kama shi tsam. Ban taɓa yin irin wannan da gangan ba.

Na ce, "Yoriko-san, ku zo ɗakina."

Ita ce baƙuwata ta farko. Ta cire takalmi, ta dubi kofina ɗaya da kwanona ɗaya. Bangon yana ƙugi, ƙasa-ƙasa, da hucin nan nasa. Na ji shi har cikin haƙarƙarina. Ta ɗora tafin hannu a kai. Na leƙa ta baranda na ce wa tsohon ya kashe. Ya ɗauke ɗif. Ya sake kunnawa, ya dawo.

Na ce, "Kullum bakwai da rabi yake kashewa. In ya wuce bai kashe ba, zan shiga. Da yamma in na dawo, ya kashe ya kunna sau ɗaya, in san yana nan. Robar lungun ma zan rage ta, iyakarta ƙarƙashin inji."

Ta ce, "Matar ƙasa fa?"

Muka sauka tare. Nabeta-san ta shigar da mu, muka tsaya mu uku muna kallon fitilar silin. Ko motsi ba ta yi.

Nabeta-san ta ce, "Ko da ta ɗan yi rawa ma, a bar ta."

A kan matakala Yoriko-san ta tsaya, ta juyo.

"Shiomi-san, shekarunka nawa?"

"Ashirin da uku."

"Gobe ka sami wani aikin, ko ka yi aure, ko ka koma garinku. Sai in bar ran ubana a kan tsinke?"

"Ba ni da kowa a garinmu. Ba inda za ni." Na ƙara da cewa, "In zan tashi, ku zan fara gaya wa."

Ta daɗe tana kallona. Daga sama muryar tsohon ta sauko, a dishe.

"In kun gama sayar da ni, wani ya ɗora ruwan shayi."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai hau ta fara fitar da kayan da ta sa a akwati, tana jera su inda suke, tana faɗa da shi a kan tiyon da yake bari a ƙasa. Da la'asar za ta tafi, ta ƙwanƙwasa ƙofata ta miƙo mini makullin ɗakin tsohon da lambar wayarta a takarda.

Ta ce, "Zuwa sabuwar shekara. In ya sake faɗuwa ko sau ɗaya, ba wanda zan saurara, har kai."

Yanzu muna cikin Disamba. Ba mu zama abokan hira ba, ni da shi. Har yau ban fi sau huɗu da shiga ɗakinsa ba, biyu daga ciki don in duba tsinken ne, ko ya goce. Lahadi har yanzu wanki nake yi ina kallon shanya. Makullin yana rataye a ƙusa jikin bangon, agogon ƙararrawa kuma na mayar da shi cikin kwalinsa.

Shekaranjiya da safe na gama cin abinci, na ɗaura takalmi ɗaya, bangon yana ta ƙugi. Na ciro waya na duba, bakwai da rabi ta wuce da minti uku. Na ɗaura ɗayan. Minti biyar. Na sauke makullin daga ƙusa na riƙe, na tsaya a bakin ƙofa ina ƙirga hucin injin. Da ya kai minti takwas na fita, na sa makulli a ƙofarsa, kafin in murɗa sai na ji ya ɗauke.

Ƙofar ta buɗe daga ciki. Ga shi da hular ulu, yana jan tukunyarsa mai taya. Ya dubi makullin a hannuna.

"Safa ɗaya ce ta ɓuya mini. Har ka zo ɗaukar gawa?"

"A'a, Isogai-san."

"To riƙe mini wannan, gwiwar yau ba ta son matakala."

Na ɗauki tukunyar, yana gaba ina biye da tsawon tiyo, muka sauka taka ɗaya-ɗaya. A bakin kwana ya karɓi abinsa ya shiga shagon awara, ni kuma na miƙe hanyar masana'anta. Na makara da minti goma. Harue-san ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi agogo, ta zura hannu a aljihu ta ajiye mini alewa a kan injin yanka.